SAURO YA CIJI UWA, ƊA NA CIKI YA SHA WUYA

A cikin watan Yuli na shekarar 2025, hukumar da ke duba magunguna a ƙasar Suwizalan ta yarda da wani sabon magani mai suna Coartem Baby, wanda kamfanin Novartis ya haɗa domin jarirai masu zazzaɓin cizon sauro, watau waɗanda nauyinsu ya kama daga kilo 2 zuwa ƙasa da kilo 5. Nijeriya tana cikin ƙasashen Afirka 8 da aka yi aikin duba maganin tare da su. Kafin wannan babu maganin zazzaɓin da aka auna musamman domin ɗan jariri, sai dai likita ya ɗauki na yaran da suka tasa, ya rage, ya ba shi yana ɗar-ɗar, gama hantar jariri ba ta yi ƙwarin sarrafa magani kamar ta babba ba. Labari ne mai daɗin ji, muna kuwa yi wa waɗanda suka yi aikin barka.

Amma murna ba za ta hana mu tambaya ba. Jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba, wanda bai taɓa fita ɗakin uwarsa ba, ina ya gamu da zazzaɓin sauro har ake nema masa magani? Likitoci sun san amsa. In sauro ya ciji mutum, ƙwayar cutar takan wuce hanta tukuna, ta yi kamar mako guda tana hayayyafa a can, sa'an nan ta fito cikin jini. Saboda haka jaririn da aka duba jininsa kafin ranar suna aka ga ƙwayar a ciki, da ita ya zo duniya. Daga jinin uwarsa ya samo ta, ko tun yana ciki, ko kuwa lokacin naƙuda, sa'ad da mabiyiya take rabuwa da mahaifa jinin uwa ya ɗan gauraya da na ɗa.

Abin da muke so mu jawo hankalin jama'a a kansa a wannan mako ke nan. Tsare jariri daga zazzaɓi tun daga uwarsa yake farawa, kuma abin da ake bukata ba wani abu ne mai tsada ba: gidan sauro guda, da ƙwaya 9 ta magani, 3 sau 3. Gwamnatin da ta kasa kai waɗannan hannun mace mai ciki ba ta da bakin yi mana alfahari da sabon maganin da waɗansu suka haɗa a Turai.

YADDA CUTAR TAKE AIKI

Tun 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar nan da madubin likita a cikin jinin marar lafiya a ƙasar Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross, likitan Ingila da ke aiki a Indiya, ya gan ta a cikin tumbin sauro. Tun daga nan magana ta ƙare. Shan rana, ko cin ɗanyen mangwaro, ko dukan ruwan damina, babu wanda yake kawo wannan zazzaɓi, tamatar sauro ce take ɗauko shi daga jinin wani ta zuba a jinin wani.

Wanda ya girma a ƙasarmu, sauro ya cije shi tun yana goye, ya sha kwanciya ya tashi, jikinsa ya koyi faɗa da cutar. Shi ya sa babba yakan yi zazzaɓi kwana biyu ya miƙe. Amma da mace ta ɗauki ciki sai wani sabon abu ya tsiro a jikinta, watau mabiyiya, wadda ta nan ɗa yake samun abinci da iska daga jinin uwarsa. Irin ƙwayar da ta fi yawa a Nijeriya, wadda likitoci ke kira falsifarum, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta sa su yi danƙo, su liƙe a cikin mabiyiya. A 1996 waɗansu masu bincike biyu, Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki a ƙasar Kenya, suka gano abin da ƙwayoyin suke kamawa a mabiyiyar har su manne. Jikin da bai taɓa ɗaukar ciki ba bai san wannan dabara ta cutar ba, ba shi kuwa da makamin tare ta. Sai a ciki na biyu da na uku yake fara koyo. Wannan ne dalilin da ya sa mai cikin fari ta fi kowa shiga hatsari, balle in yarinya ce ƙarama.

Mugun abin shi ne, sau da yawa macen ba ta jin komai. Tana daka, tana ɗebo ruwa, jikinta ba zafi. Ko an soki yatsanta an gwada, yana yiwuwa a ce ba a ga komai ba, alhali kuwa ƙwayoyin suna can maƙare a mabiyiya. Suna fasa mata jini a hankali, har idonta da tafin hannunta su yi fari, ta riƙa haki in ta ɗan yi tafiya. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita. Ɗan kuma hanyar abincinsa ta toshe. Wani cikin ya ɓare, wani a haifi ɗan babu rai, wani ya zo bakwaini, wani ya cika watanninsa amma bai kai kilo 2 da rabi ba. Jaririn da ya zo a ƙanƙance kuwa, sanyi kaɗan ko gudawa kaɗan sun isa su kashe shi.

Wannan ita ce babbar ɓarna, ita ce kuma ta fi yawa. Ta biyu ita ce ƙwayar ta ƙetare ta shiga jinin ɗan kansa. A 2007 Farfesa Catherine Falade ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta suka buga sakamakon binciken da suka yi a sassa dabam-dabam na Nijeriya. Cikin jarirai 1,875 da suka duba, an sami ƙwayar a jinin 95, watau kamar 5 cikin 100. Yawancinsu ƙwayar ta ɓace da kanta, domin garkuwar da ɗa yake gada daga jinin uwarsa tana taimakonsa, amma kamar sulusinsu sun yi rashin lafiya. Wani jaririn kuma ba ya nuna alama sai bayan mako 2 ko fiye: jiki ya yi zafi, ya ƙi kama nono, ido ya yi rawaya irin na shawara, saifa da hanta su kumbura. A ƙauye sai a ce maye ne ya kama kurwarsa, ko iska ta shafe shi. In aka jera rasa biyu ko uku, sai a sa wa uwar sunan mai wabi, ta shiga yawon gidajen bokaye. Ba mu ce kowane wabi sauro ne ba, amma mun tabbata akwai matan da aka laƙaba wa wannan suna, abin da suka rasa gidan sauro ne da ƙwaya 9.

BA YAU AKA SAN MAGANI BA

Kada wani ya ce mana wannan sabon ilmi ne, gwamnati ba ta gama nazarinsa ba. A ƙasar nan aka yi waɗansu daga cikin gwaje-gwajen da duniya ta koya daga gare su. A 1964 Dokta David Morley da abokan aikinsa suka buga abin da suka gani a ƙauyen Imesi-Ile, kusa da Ilesha: matan da aka ba maganin tsare zazzaɓi suna da ciki sun haifi 'ya'ya masu nauyi fiye da na waɗanda ba a ba ba. Irin maganin nan ne iyayenmu mata suke tunawa da shi da sunan Lahadi-Lahadi. A 1986 kuma Farfesa Alan Fleming da mutanensa suka buga gwajin da suka yi a Zariya a kan matan Hausawa 200 masu cikin fari. Cikin waɗanda ba su sha maganin tsari ba, 18 cikin 100 sun yi mummunan ƙarancin jini. Cikin waɗanda suka sha, 3 kaɗai cikin 100. Matan Zariya aka gwada, amfanin kuwa har yau bai gama isa ƙauyukan da ke kewaye da Zariya ba.

Magungunan wancan zamani sun daina aiki yadda ya kamata, domin ƙwayar cutar ta saba da su. Kulorokwin ma a 2005 Nijeriya ta sauke shi daga zama maganin farko na zazzaɓi. Wanda ake ba masu ciki yanzu domin tsari shi ne wanda ake rubutawa SP a katin awo, jama'a kuwa sun fi saninsa da Fansidar. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gyara a 2012 ba ta da wuyar ganewa. Ba a sha a watanni 3 na farko. Daga mako na 13 ake farawa, ƙwaya 3 a sha lokaci ɗaya a gaban ma'aikaciyar asibiti, a bar aƙalla wata guda tsakani a sake, haka har haihuwa, kada ya kasa sau 3. Ana ba kowace mai ciki, ko tana jin zazzaɓi ko ba ta ji, domin mun riga mun faɗa cutar ɓuya take yi. Sai dai mai cutar ƙanjamau da ke shan Septrin kullum, ita ba a haɗa mata da shi, haka kuma wadda jikinta ba ya karɓar irin wannan magani.

Ga wani abin da ya kamata a lura da shi. Maganin damina da ake bi gida-gida ana ba yara a jihohin Arewa, daga ɗan wata 3 yake farawa. Allurar rigakafin zazzaɓi da aka fara yi a jihohin Kabi da Bayelsa a watan Disamba na 2024, daga ɗan wata 5 take farawa. To, daga ran da aka ɗauki cikin ɗa har ya cika wata 3 a duniya, shekara guda ke nan cur, me ke tsare shi? Babu, sai abin da aka yi wa uwarsa, da gidan sauron da suke kwana a ciki su biyu. In an bar uwa, an bar ɗa a shekarar da ya fi kowace rauni.

ALKAWARI KAYA NE

Ran 25 ga Afrilu 2000, shugabannin ƙasashen Afirka suka taru a Abuja a kan zazzaɓin sauro. Suka sa hannu cewa kafin 2005 aƙalla mata masu ciki 60 cikin 100 za su sami maganin tsari, 60 cikin 100 kuma za su riƙa kwana a gidan sauro mai magani. Shekara ta zagayo, a Afrilun 2001, suka sake taruwa a Abuja ɗin dai, suka ce kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinta domin lafiya. A gidanmu aka yi alkawarin duka biyu, mu muka shimfiɗa tabarma, mu muka ba baƙi ruwa. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika na biyun ba ko da shekara ɗaya.

Na farkon fa? Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna mata 17 cikin 100 ne kaɗai suka sha SP sau 3. Binciken zazzaɓi na 2021 ya nuna sun kai 31. An ci gaba, ba mu musu ba. Amma 31 a shekarar 2021, alhali an yi alkawarin 60 tun 2005, wannan tafiyar hawainiya ce. A wannan bincike na 2021 ɗin, da aka duba jinin ƙananan yara da madubin likita, an sami ƙwayar a jikin 22 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya, 3 a Legas, 49 a jihar Kabi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mutum 597,000 zazzaɓin sauro ya kashe a duniya a 2023, kusan sulusinsu kuwa 'yan Nijeriya ne. Babu ƙasar da ta kai mu asara a wannan fanni.

In aka yi wa mahukunta wannan magana, amsarsu guda ce kullum: wai matan ne ba sa zuwa awo, wai jahilci ya yi wa talakawa yawa. To, bari mu ba su amsa da lissafinsu na kansu. Binciken nan na 2018 ya ce mata 57 cikin 100 sun je awon ciki sau 4 ko fiye. Waɗanda suka sha maganin sau 3 kuwa 17 ne. Ina sauran? Sun bar aikinsu, sun biya kuɗin mota ko sun taka da ƙafa, sun zauna a benci tun safe, an auna su, sun koma gida ba a ba su ba. Jahilcin wa ke nan? Kowa ya san abin da ke faruwa. Wata ran a ce magani ya ƙare a sito. Wata ran a rubuta wa mace takarda a ce ta saya a kemis, alhali a ƙa'ida kyauta ne a asibitin gwamnati. Wata ran maganin yana nan amma babu ruwan da za a sha shi da shi, sai a ƙunsa mata ta tafi da shi, ta ajiye a bayan kwalla ta manta. Wani wurin kuma ma'aikaciya guda ce a kan mata masu yawa, ita ce mai kati, ita ce mai awo, ita ce mai karɓar haihuwa, ga albashinta ya makara. Ba mu ga laifinta ba. Laifin yana wuyan waɗanda suka bar ta ita kaɗai.

Kuɗi kuwa an tanada, a takarda. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Ƙananan asibitocin ƙauye a ƙarƙashin ƙananan hukumomi suke, kuma sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, domin an daɗe gwamnatocin jihohi suna riƙe shi. Yawancin gidajen sauro da kayan gwaji da ake rabawa kuwa, shekara da shekaru da taimakon ƙasashen waje ake sayensu. A farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bayarwa a duniya, kowa ya ga yadda hankalin ma'aikatan lafiya ya tashi. Zanen aro ba ya rufe katara. Ƙasar da ke sayar da man fetur, a ce ƙwaya 9 ta mai ciki sai ta jira baƙo ya saya mata, wannan abin kunya ne.

Matan da ba sa iya zuwa asibiti ma ba a rasa dabararsu ba. Tsakanin 2017 da 2022 an gwada wani shiri a Nijeriya da Kwango da Madagaska da Mozambik, inda aka horar da mutanen gari su kai SP har gida, su kuma tura matan awo. A Nijeriya an yi shi a jihohin Ebonyi da Ondo da Neja. Masu shan maganin sun ƙaru ƙwarai, zuwa awo kuma bai ragu ba. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a riƙa bin wannan hanya inda asibiti ya yi nisa. Ƙasar da take iya aika mutane lungu-lungu su ɗiga wa yara maganin shan inna, take iya kai akwatin zaɓe rugar da ko hanya babu, ba za ta ce mana ta rasa hanyar zuwa ɗakin mai ciki ba.

RABON MAGIDANTA

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai abin da yake hannun jama'a, ba za mu ɓoye shi don neman farin jini ba. Mai cikin fari ita ce ta fi bukatar awo da wuri, ita ce kuma al'ada ta fi ɗaure wa baki. Kunya ta hana ta faɗa, mijin ma kunya ta hana shi tambaya, sai ciki ya fito fili, ko sai an kai ta goyon ciki gidan iyayenta a wata na bakwai, sa'an nan a tuna da asibiti. A lokacin kuwa sauro ya yi wata da watanni yana aikinsa. Kunya abu ne mai kyau, ba mu ce a yar da ita ba. Ba sai an yi shela a unguwa ba, uwar miji ko yayar miji ta isa ta raka yarinya awo a asirce tun ciki yana wata 2 ko 3.

Ku magidanta, a gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izninku, ba ta da kuɗin mota sai kun ba ta. Mutum yakan yi wata 6 yana tanadin ragon suna, da itacen wankan jego, da turamen zane, amma kuɗin zuwa awo sau 4 ya gagare shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan sauron da aka raba kyauta kuma ba domin shingen lambu aka ba ku ba, ba kuma domin kamun kifi ba. In guda ne a gidan, mai ciki da mai goyo su suka fi cancanta da shi. Ku iyayenmu mata masu jiƙa wa yarinya maganin zaƙi, mun san ƙauna ce ta sa, amma jiƙo ba ya kashe ƙwayar da ta liƙe a mabiyiya. Ku ma ku zama masu tambaya: 'yar nan, sau nawa kika sha na asibiti?

Mai ciki in ta ji zazzaɓi, kada ta sayi magani da ka. A gwada jininta tukuna, minti 20 ya isa. Akwai magani mai warkarwa da ya dace da ita, tun 2022 ma an yarda a ba da irin Coartem ko a watanni 3 na farko. SP na tsari ne, ba a dogara da shi wajen warkarwa. Jariri kuwa da bai kai wata 2 ba, in jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi nono, ko idonsa ya yi rawaya, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana. Waɗannan alamu iri ɗaya ne da na wata cuta mai shiga jinin jarirai, gwaji kaɗai yake raba su. Kada a ɗura masa ragowar maganin wansa. Kada kuma uwa ta janye nono don tana zazzaɓi, gama cutar ba ta bi ta nono.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu zo da zargi kawai ba. Ga abin da muke nema daga gwamnatin tarayya, da na jihohi, da ƙananan hukumomi.

Na fari, kowace jiha ta sa kuɗin SP da gidan sauron masu ciki a kasafinta, da sunansu, ta saya da kuɗinta, ta daina jiran masu ba da taimako.

Na biyu, awon ciki ya zama kyauta da gaske, tun daga kati har gwajin jini. A rubuta wannan da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar kowane asibiti, domin mace ta san haƙƙinta.

Na uku, kowane ɗakin awo ya kasance da randar ruwa mai tsabta da kofi, a sha magani a gaban ma'aikaciya. Wannan ba ya bukatar kwamiti ko taron bita a otal.

Na huɗu, a horar da ma'aikatan unguwa da unguwarzoma su kai maganin gidajen da suka yi nisa da asibiti, a kuma biya su. Binciken 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kaɗai cikin 100 ake yi a asibiti. Unguwarzoma ce take fara ganin saura, saboda haka ita ya kamata a koya wa alamun jaririn da ba shi da lafiya, da inda za ta tura shi.

Na biyar, duk jaririn da aka kawo da zafin jiki a duba jininsa domin ƙwayar zazzaɓi, balle in uwarsa ta yi zazzaɓi da cikinsa. Sabon maganin jarirai kuma ya isa asibitin ƙauye, kada ya tsaya a manyan asibitocin birni inda masu hali kaɗai suke zuwa.

Na shida, kowane wata 3 kwamishinan lafiya ya buga wa jama'a lissafi: mace nawa ta zo awo a kowace ƙaramar hukuma, nawa suka sha SP sau 3, kwana nawa aka yi babu magani a sito. Wakilan jama'a a majalisa su tambaye shi a kai. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Muna roƙon masu karanta wannan jarida, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da bakin kasuwa, a kuma shigar da labarin cikin gida. Duk mai mace da ciki ya karɓi katin awonta yau ya duba sau nawa aka rubuta SP. In bai ga an rubuta ba, ya tafi asibitin ya tambaya cikin ladabi. In an ce babu, ya tafi wurin kansilansa, ya tafi wurin shugaban ƙaramar hukuma, ya tuna musu da alkawarin Abuja na shekarar 2000. Su ma in lokacin zaɓe ya zo har ƙofar gida suke zuwa, kuma ba su taɓa ɓata hanya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.